Ranar da Muka Kai Inna Kallon Gidaje

Gidanmu na Wudil ginin ƙasa ne, kakanmu ya gina shi tun kasuwar Juma'a ba ta kai rabin yadda take yanzu ba. Ba wani gidan a zo a gani ba ne. Zaure ɗaya, soro ɗaya mai rufin azara inda Baba yake zama da baƙinsa, sai ɗakuna da suka kewaye tsakar gida, da rijiya a gefen kudu. Bangonsa ya yi kauri saboda yaɓen da ake ƙara masa duk shekara kafin damina, har ya zama babu kusurwa ɗaya da ta miƙe sambal. A cikinsa aka kawo Inna tana amarya daga Utai, a cikinsa ta haife mu, a cikinsa ta yi takabar Baba.

Ni ce auta, kuma ni aka aurar a cikin unguwa, don haka kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa sai na biya ta gida. Ni na fara gane idon Inna yana tafiya. Wata rana na tarar tana yi wa zanen da ke shanye a kan igiya sannu da zuwa, ta ɗauka maƙwabciyarmu ce ta shigo. Na yi dariya, ita ma ta yi, amma da na koma gidana ban iya cin abinci ba. Babban yayanmu, wanda yake aikin gwamnati a Kano, shi ya fara kai ta asibiti, amma ni ce mai raka ta komawa. A wata komawar ce likita ya ce mana ba yana ba ce da za a cire, ciwo ne mai cin jijiyar ido, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Aka ba ta maganin ɗigawa. Duk sanda Yaya ya bugo waya yana tambaya, sai ta ce in ce masa da sauƙi.

In ka gan ta a cikin gidan nan ba za ka ce wani abu yana damunta ba. Hannunta ya san bangon kamar yadda ya san carbinta. Daga ƙofar ɗakinta za ta ɗora yatsu a bango ta bi shi har inda ya yi tudu, a nan sai ta saki ta taka zuwa randa. Ƙafarta ta san inda daɓen ya lotsa, ta san dokin ƙofar madafi ya fi na ɗakinta tsawo. Ita take hura wutarta, ita take dama furarta, ta bi ta ƙaramar ƙofar baya ta je ta gaida maƙwabta ta dawo, ba ta nemi kowa ya riƙe mata hannu ba. Inna ba ta son a yi mata abu. Ko tsintsiya na ɗauka sai ta ce in ajiye, ai ba ta mutu ba tukuna.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutumiyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye sai amsa gaisuwa. Ana yaye shi aka kai shi Utai wurin kakanni, can ya girma. In ya zo gida sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta kawar da kai gefe ta amsa a taƙaice, duk abin da ya rage sai ya biyo ta kaina. Sai ta ce in ce wa yayanmu ga fura nan, alhali ya fi ni kusa da ita. Ina yarinya abin dariya yake ba ni, har ina tsokanarta ina cewa ko kurma ta haifa. To wanda ba a taɓa kallonsa ba, ta yaya zai gane an daina ganinsa? Shi a wurinsa Inna tana nan yadda ya san ta.

Wata damina mai ƙarfi katangar maƙwabtanmu ta faɗi ta danne musu awaki, Allah ya tsare babu mutum a wurin. Bangonmu na baya shi ma ya tsage. Yaya ya zo ya tsaya a gaban tsagar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini zai rushe gidan ya gina na bulo. Na san ba tsagar kaɗai ba ce. Tsararrakinsa duk sun yi wa iyayensu gini, mutanen gari kuma ba sa rasa abin faɗa. Wai yana kwana cikin sanyin esi a Kano ya bar uwarsa a kogon ƙasa. Maganar ta kai kunnensa, ta kuma kai kunnen Inna a wani gidan suna.

Yaya ba mai yin abu gaba gaɗi ba ne. Ya ce ba zai taɓa ko tubali ɗaya ba sai da yardarta, kuma ba zai zaɓa mata ba. Zai kai ta Kano ta zaga gidajen abokansa ta gani da idonta, ta nuna irin wanda take so. Na san duk ranar da aka rushe bangon nan, an cire wa Inna ɗan ganin da ya rage mata.

Wata Asabar ce a bazara. Inna ta sa mayafinta babba na zuwa biki, muka zauna ni da ita a baya, Yaya yana tuƙi yana ta ba ni labarin gine-gine, ko da yake duk mun san ba ni ake faɗa wa ba. Da muka hau gada ta juya wajen taga ta ce ruwan kogi ya ja baya sosai bana. Ƙamshin laka ta ji, amma Yaya ya leƙa ya ce ƙwarai kuwa.

Gidan farko na wani abokinsa ne a sabuwar unguwa. Matar gidan ta tarbe mu tun daga get, mace mai fara'a da ƙamshin turaren wuta, ta ja mu falo bayan falo. Silin hawa-hawa ne da fitilu a ɓoye a cikinsa. Labule daga sama har ƙasa, ta ce duk salla take canjawa. Ga kujeru masu ruwan zinare da na tabbata tun da aka kawo su ba wanda ya zauna a kai, ga bango guda na madubi, ga kicin wanda ba ka ganin tukunya ko ɗaya saboda komai yana bayan ƙyaure. Ba zan ɓoye ba, ni kaina sai da na haɗiyi yawu, na tuna falona mai ledar da ta fara ɓarewa. Inna kuwa tun da ta cire takalmi ta taka tayil ɗin, sai na ji ta kama gefen zanena ta ƙarƙashin mayafinta. Tafiya take a hankali, tana jan ƙafa kamar mai tsallaka santsin bakin kogi.

A hanyar fita lambun baya akwai ƙofar gilashi. Na juya ina amsa wa matar gidan wata magana, sai na ji ƙara. Goshin Inna ne ya bugi gilashin. Matar gidan ta yi ta ba da haƙuri tana dariya, ta ce kowa sai ya yi haka, har maigidan ma da ya sa aka saka ƙofar. Yaya ya yi murmushi ya ce to ba za a sa wa Inna irin wannan ba. Aka tambaye ta yadda ta ga gidan, ta ce masha Allah, Allah ya sa a daɗe ana mora.

Na biyu shi ne wanda Yaya ya fi so ta gani, domin wani abokin aikinsa ne ya gina wa mahaifiyarsa. Fari tas, ko'ina a shafe, ɗaki da banɗakinsa a ciki. Muka sami tsohuwar a zaune a ƙasan wani ƙaton gado da ya kai mini ƙugu. Suka gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mutanen Wudil, da zafi, da jikoki, ta faɗa mana cewa ita ma asalinta daga wajen Gaya take. Da maza suka fita duba tankin ruwa sai ta rage murya ta ce ta sa an yi mata ɗan murhu a bayan gida, don tuwon gas ba ya shiga mata. Inna ta yi dariyarta ta farko a ranar. Yaya ya dawo yana ta ɗaukar hoton ƙofofi da tagogi da waya, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

Ni ma na zo da tawa dabarar. Akwai wani tsohon gida a cikin Birni da aka mayar wurin tarihi, na taɓa kai ɗalibaina. Na ce wa Yaya tunda mun shigo gari mu biya Inna ta gani. Nufina ya ga cewa ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, har daga nesa ake zuwa kallonsa. Ya ce ni dai ba na rabuwa da malanta, amma ya juya mota.

Muna shiga zauren farko sanyi ya tarbe mu, da ƙamshin tsohuwar ƙasa da makubar da ake yaɓe da ita. Sai na ji an saki gefen zanena. Inna ta ɗora tafin hannunta a bango ta wuce gabana. Ta sami dokin ƙofa da ƙafa ta tsallake shi ba tare da an faɗa mata ba. A wani soro an yi wa bangon ado da zane mai tudu, irin na magina na da, ta bi shi da yatsu daga farko har inda ya lanƙwasa ya dawo. Ta tsaya a tsakiya ta yi sallama, ta saurari yadda muryarta ta tashi, ta ce wannan ya fi na Baba tsawo nesa ba kusa ba, ɗaurin guga ne. Na ɗaga kai, haka ne kuwa, ga bakunan rufin sun haɗu a sama. Tun safe ban ga bayanta ya miƙe haka ba. Na so Yaya ya kalle ta a lokacin, amma yana can yana sauraron mai yi wa baƙi bayani, wanda yake cewa masu iya irin wannan yaɓen sun kusa ƙarewa, kuma duk damina hankalinsu ba ya kwanciya.

Shi mai bayanin ne ya hango ta. Ya matso cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Hajiya, a yi haƙuri, ba a taɓa bangon."

Ta janye hannunta da sauri, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ba ta sani ba. Ta tsaya inda take. Sai na ga hannun yana lalube a gefenta, yana neman zanena, na matsa kusa ta kama.

A bakin mota Yaya ya ce mini wurin ya burge shi ƙwarai, amma in lura da abu ɗaya, ba mai kwana a ciki. Dabarata ta juye ta zama hujjarsa. A hanyar komawa Wudil, mun wuce Mariri kafin ya yi gyaran murya ya ce in tambayi Inna wanne ya fi kwanta mata. Ban tambaya ba, don ta ji.

"Ce wa yayanku duk sun yi kyau. Wanda ya ga ya dace. Allah ya yi masa albarka."

Ya yi ta cewa amin. Ni kuwa na juya ina kallon gonaki, raina a ɓace.

Yana sauke mu ya juya, na bi Inna ɗaki na buɗe baki. Ni ba na iya riƙe magana, kowa ya sani. Na ce mata me ta gani har da za ta ce ya yi kyau, wanne daga ciki ta gani? Na ce ta san abin da zai same ta in aka shafe gidan nan da tayil. Ta bar ni na gama, tana ninke mayafinta. Sannan ta ce ta sani, ba sai na faɗa mata ba. Ta ce ita kwana nawa ya rage mata, shi kuwa da sunansa zai ci gaba da shiga garin nan. Na ce sunan banza, mutane su yi ta faɗa. Sai ta ce:

"Tun da aka ɗauke shi daga bayana aka kai shi Utai, bai taɓa zuwa ya roƙe ni komai ba. Ko ruwan sha. Wannan ne na farko. Ba zan mai da shi hannu rabbana ba. Kuma ban yarda ki faɗa masa ba."

Na yi kuka a gabanta ranar, kukan haushi da na tausayi. Ta ce in tashi in tafi gidan mijina magariba ta kusa.

Ban saɓa mata ba, amma na yi ta kewaye-kewaye. Na ce wa Yaya idon Inna fa ya yi rauni, tsofaffi kuma sun saba da wurinsu, me zai hana a ɗinke tsagar a bar mata ɗakinta da madafinta, a yi sabon ginin a gefe. Ya ce ai raunin idon ne ma ya sa yake sauri. Zai yi mata ƙasa shimfiɗaɗɗiya babu dokin ƙofar da zai sa ta tuntuɓe, farin fenti, fitila ko'ina, banɗaki a cikin ɗaki. Duk abin da na kawo sai ya mai da shi alheri, kuma har zuciyarsa alherin yake nufi. Daga ƙarshe ya ce auta, ita mai gidan ta sa albarka, ke mene ne naki? Na bar zancen a nan, don kada in karya maganar Inna.

Bayan kaka aka fara. Inna ta dawo gidana da akwatinta da butarta. Ba ta ce a kai ta ta yi sallama da gidan ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Gidana ba nisa, muna jin bugun diga. Wata hantsi aka ji wani abu ya rufta da nauyi har ƙasa ta amsa, tana zaune tana ɓare gyaɗa ta ce soron Baba ne wannan. Ta ci gaba da ɓarewa.

Gidan da Yaya ya gina yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Irin na biyun nan da muka gani ne, har ya fi shi. 'Yan uwa suka yi ta zuwa kallo daga Kausani da Indabo, ni ce mai zagawa da su, ina nuna musu silin da labule da kicin kamar yadda aka nuna mana a Kano. Inna tana zaune a bakin gado ana yi mata barka, ana cewa ta haifi ɗa, tana cewa alhamdu lillahi. Masu waccan maganar ta kogon ƙasa su ne suka fi kowa yabo.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa aka bar ta da gidan. Bango ko'ina sumul, duk inda ta taɓa iri ɗaya ne. Ƙofofin duk tsawonsu ɗaya, marikinsu ɗaya. An rufe rijiya an sa famfo, an toshe ƙofar baya saboda tsaro, tsakar gida ta zama fili fetal na tayil wanda ƙafa ba ta samun abin karantawa a kai. Ta yi ƙoƙari da farko. Na sha tarar da ita tana bin bango tana ƙirga wani abu a ranta. Wata rana santsi ya kwashe ta a bakin kicin, ta yi jinyar ƙugu, daga nan ta daina. Aka kawo wata 'yar uwarmu da mijinta ya rasu ta zauna da ita, tana dafa mata, tana kai ta tana dawo da ita. Matar da ba ta yarda a ɗaukar mata tsintsiya ba ta koma sai an miƙo mata ruwan sha. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai maganarta ta ragu, ta rame. In Yaya ya zo yana samunta a zaune a kan gado, ya gaishe ta, ta kawar da kai ta amsa, ya koma Kano da farin ciki.

Ba ta daɗe sosai a gidan ba Allah ya karɓi abarsa. Amma kafin nan akwai wata Juma'a. Yaya ya zo daga Kano ya yi salla a gari, ya shiga falo ya kishingiɗa. 'Yar uwar tamu ta tafi kasuwa. Da aka kira la'asar Inna ta lallaɓa ta fito tsakar gida da butarta, domin har ta bar duniya ba ta yarda ta yi alwala a banɗaki ba. Ta yi alwalarta, ta miƙe, ta juya, sai ƙofar ɗakin ta ɓace mata. Mutum ɗaya ne a gidan, tana jin tarinsa a falo, kuma shi ne wanda bakinta bai taɓa kira ba.

Lokacin da na turo get na gan ta a tsaye a tsakiyar filin, cikin rana, buta a hannu. Ruwan alwalar da ya zuba a tayil har ya bushe. Daidai nan Yaya ya fito daga falo, ya fi ni kusa da ita. Ta ji takun ƙafa ta juyo da fuskarta sosai wajensa, abin da ba ta taɓa yi ba, idonta a buɗe a kansa.

"Auta, ke ce? Lokaci yana wucewa. Zo ki juya ni gabas."

Yaya ya tsaya cak. Ya dube ta, ya ɗaga hannu a hankali a gaban fuskarta, idon bai motsa ba. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya matsa ya karɓi butar daga hannunta, ya dafa kafaɗunta biyu ya juya ta. Tana jin hannun ta gane ba nawa ba ne. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuskarta, amma ba ta janye jiki ba. Na kawo sallaya na shimfiɗa mata a nan inda take, ta laluba bakinta da yatsun ƙafa ta hau, ta tayar da salla.

Shi kuma ya tsaya a bayanta, hawaye yana sauka cikin gemunsa, yana riƙe da butar da hannu biyu har ta sallame.